Wuta ba wuta ba ce? Tambaya kan gobarar dajin tsibirai

Ɗan Alkaleri:
Assalamu alaikum. Tun ina yaro nake ganin ana banka wa daji wuta bayan kaka a wajejen Yankari, ko masu farautar gafiya ko makiyaya masu neman sabon toho. Ruwan fari na sauka sai ka rantse wuta ba ta taɓa bi ta wurin ba. Jiya kuma ɗana mai karatun gandun daji yake ce mini a tsibiran Hawai in daji ya ƙone, sau da yawa ya tafi ke nan. Masana, a warware mini.

Malam Buba, Kumo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Wutar ɗaya ce, itatuwan ne suka bambanta. Taɓa ɓawon kaɗanya ka ji, kamar bayan kada, ta saba da wuta tun tale-tale. Itatuwan asali na Hawai ba su saba ba. Abin mamakin ma, ciyayin kiwo da aka kai musu daga Afirka ne suka mamaye tsofaffin gonakin rake da aka bari, su suka ƙara rura gobarar garin Lahaina da ke can Hawai ta 8 ga Agusta 2023, wadda ta ci rai wajen 100. Ciyawa kan riga bishiya tohowa, ta shaƙe tsiron, ta bushe, ta sake kamawa. Amma ba kowane tsibiri ba, akwai wata bishiya a tsibiran Kanari, can cikin teku yamma da Maroko, da ke tohowa daga ƙonannen jikinta.

Maman Ummi, Gombe:
Malam, ka tsallake ƙasa. Wuta mai tsanani kan cinye takin da ke sama, har ta bar ƙasar ba ta shan ruwa, sai ya bi ta kai ya kwashe ta. Tsibiri kuwa ga gangare, ga teku kusa, toka da laka can suke ƙarewa, su binne duwatsun murjani na ƙarƙashin teku inda kifi ke hayayyafa. A tsibirin Madagaska koguna jajawur suke shiga teku saboda ƙasar da suka kwaso. Mu da kwazazzabai suka ci wa gidaje a Gombe ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ɗan Alkaleri:
Na gode. Hajiya, kin tuna mini wani abu. Wutar Nuwamba lasar ciyawa kawai take yi, amma ta Maris da ta bi ta gonata shekara uku da suka wuce, ƙananan ɗorawa bakwai ta kashe mini, har yau ko ɗaya bai toho ba.