Idan ba "ƙarfe bakwai" ba, da wane suna za mu kira sandar golf mai lamba 7?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum. Yayana ya fara buga golf, wasan da wasu kafafen labarai ke kira ƙwallon lambu, bayan da ya yi ritaya a Kaduna, kuma ya ɗora mini aikin karanto masa bayanin sandunan da suka dace da mutumin da bugunsa ba shi da zafi sosai, kafin ya zuba kuɗinsa. Da na zauna yi masa bayani, sai na ɗauki sunan da Turawa suka ba wani rukuni na sandunan, wato iron, na mayar da shi Hausa kai tsaye, na ce masa duk gwajin da masu sayarwa ke yi da ƙarfe bakwai suke farawa. Ya dube ni ya ce, "Na safe ko na dare?" Gaskiyarsa ce, domin Hausa ta riga ta ba agogo kalmar ƙarfe idan lamba ta biyo bayanta, ga shi kuma lambobin sandunan daga 1 ne zuwa 9, duk cikin awannin agogo. Ina roƙon masana su taimaka mini da suna wanda zai karɓi lamba ba tare da ya rikita mai sauraro ba.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, Malam. Hanya biyu ce a fili. Ko dai mu ari kalmar mu daidaita ta da bakinmu mu ce ayon, kamar yadda muka yi wa kwamfuta da fenareti, ko kuwa mu ce sandar ƙarfe mai lamba bakwai. Ta farko gajera ce amma ba ta gaya wa baƙon wasan komai, ta biyu kuwa a bayyane take amma ta yi tsawo ga mutumin da ke tsaye a fili yana neman yaron jaka ya miƙo masa sanda.

Tsohon ɗan wasa:
Malam, ranka ya daɗe, ni na daɗe ina wannan wasa, kuma ina ganin sandar ƙarfe ba za ta raba mana gardama ba. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda 14 a jakarsa, kuma a yau da wuya ka sami ɗaya a cikinsu wadda kanta ba na ƙarfe ba ne. Turawan da kansu sun faɗa wannan rami. Sandunan dogon bugu har yanzu itace suke ce musu, domin a da da katako ake sassaƙa kansu, alhali tun 1979 kamfanin TaylorMade ya fito da mai kan ƙarfe, kuma a hankali katako ya ɓace daga filin gasa. Ba daidai ba ne mu gaji sunan da ya riga ya tsufa a gidan masu shi.

Lambobin ma ba su daɗe ƙwarai ba. Mutanen Sikotilan, inda wasan ya girma, kowace sanda suna gare ta: wadda ta yi kusa da lamba 5 ta yau mashie ce, wadda ta yi kusa da lamba 9 niblick ce. Sai da aka halatta ƙotar ƙarfe, a Amurka a 1924, a Birtaniya kuma a 1929, aka sami damar ƙera sanduna jeri guda masu dacewa da juna, sannan lamba ta kori sunaye. Shawarata ita ce mu nemi suna daga aikin sandar da siffarta, mu bar abin da aka ƙera ta da shi.

Hajiya mai fassara:
Baba, idan siffa ake bi, me zai hana mu ce kere? Sanda ce mai lanƙwasasshen kai, ta mafarauta, kowa kuma ya san karin maganar nan da ke cewa in kere na yawo, zabo na yawo, wata rana za a gamu. Kere bakwai yana da daɗin faɗa, kuma ba wanda zai duba agogo.

Tsohon ɗan wasa:
Hajiya, ranki ya daɗe, kalmar ta yi kyau, amma ina so mu ajiye ta wa sandunan dogon bugu masu dunƙulallen kai, domin su ne suka yi kama da kere. Sandar da muke magana a kanta aikinta daban ne. Da ita ba a sharo ƙwallo daga ƙasa, sara ake kaiwa daga sama: kan sandar ya fara samun ƙwallo, sannan ya yanki ƙasa kaɗan a gaban inda ƙwallon yake, har ka ga ɓallin ciyawa ya tashi. Wanda ya yi ƙoƙarin cusa sandar ƙarƙashin ƙwallo don ya ɗaga shi sama, shi ne kullum yake bugun ƙasa kafin ƙwallo.

Mai buɗe zance:
Baba, wannan bayani naka ya kai ni gonar kakanmu. Abin da ka siffanta ai sungumi ne. Doguwar ƙota gare shi da ɗan ƙaramin ruwa a karkace, a tsaye ake aiki da shi ba a duƙe ba kamar fartanya, kuma mai shuka sara ɗaya yake kaiwa ya ɗebe ƙasa kaɗan ya wuce. Sungumi bakwai, sungumi tara, sungumi biyar. Na faɗa da ƙarfi sau da yawa ban ji inda ya yi karo da wata ma'ana ba.

Malamin Hausa:
Na janye ayon. Abin da ya ƙara gamsar da ni shi ne sungumi ya zo da iyalinsa, wato ba sai mun ƙirƙiri sunayen sassansa ba. Doguwar sandar da ake riƙewa ƙota ce, inda hannu yake kamawa mariƙi ne. Sai dai ina ba da shawarar kada mu ce ruwa ga ƙarfen da ke bugun ƙwallo, ko da yake haka manomi zai ce, saboda filin golf yana da tafkuna da ƙwallo ke faɗawa, kuma "ruwan ya yi nauyi" zai zama wani ƙarfe bakwai ɗin. Mu ce kai, gefen da ke haɗuwa da ƙwallo kuma fuska. Saura kalmar loft, wadda na ga tana yawan fitowa.

Tsohon ɗan wasa:
A nan ne zancen yayan Malam yake, don haka bari in ɗan tsaya. Fuskar sungumi ba a miƙe take ba, ta ɗan kwanta baya, kuma da digiri ake auna wannan kwanciya. Ni kishingiɗa zan kira ta. Yadda lamba take ƙaruwa haka kishingiɗa take ƙaruwa da kimanin digiri 3 zuwa 4, ƙota kuma tana raguwa da rabin inci, shi ya sa sungumi tara yake cilla ƙwallo sama ya sauke shi kusa, sungumi huɗu kuma yake tura shi nesa ƙasa-ƙasa.

Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne lambar da ke jikin sandar ba ta da ma'auni ɗaya. Sungumi bakwai na gargajiya kishingiɗarsa wajen digiri 34 ce, amma da yawa daga cikin na zamani an miƙar da fuskarsu zuwa 28 ko 30, domin mai gwaji a shago ya ga ƙwallonsa ya yi nisa ya ciro kuɗi. A gaskiya sungumi biyar ko shida aka ba shi aka rubuta 7. Ƙwararrun babbar gasar Amurka ta PGA, waɗanda kan sungumi bakwai ɗinsu ke gudun kimanin mil 90 a awa, suna da saurin da zai ɗaga ƙwallo ko da fuskar ta miƙe. Mai matsakaicin sauri, wanda nasa yake tsakanin mil 70 da 80, idan aka rage masa kishingiɗa ƙwallonsa ba ya hawa sosai, yana saukowa a kwance ya gangara ya wuce inda aka nufa. A filayenmu na Kano da Kaduna, lokacin hunturu da ƙasa take bushewa ta yi tauri, wannan gangarawa ta fi muni. Saboda irin waɗannan 'yan wasa ne kamfanoni kamar Ping da Mizuno suke fitar da samfurin da suke yi wa alamar HL, wanda aka yi shi musamman don ƙwallo ya tashi sama da sauƙi.

Hajiya mai fassara:
Kishingiɗa ta zauna. Ga saurin da ake aunawa, na so in ce zafin hannu, sai na tuna cewa wannan sunan mai saurin dukan mutane ne. Saurin bugu ya wadatar. Ƙota fa, Baba? Na ga haruffa a jikinta.

Tsohon ɗan wasa:
Haruffan tsaurin ƙota suke nunawa, daga L mafi laushi, sai A, sai R, sai S, har X mafi tsauri. Mai matsakaicin saurin bugu yawanci R ce tasa, idan shekaru sun ja kuma A. Amma kamfanoni ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba, R ɗin wani tana iya zama S ɗin wani, don haka nauyi ya fi harafi abin dogaro. Ƙotar ƙarfe takan kai giram 95 zuwa 130, ta girafait kuma, wato wani sinadari mara nauyi da ake ƙera ƙota da shi, 50 zuwa 85, kuma ita ta fi sauƙi ga gwiwar hannu da wuyan hannun dattijo. Na ga mutane da dama sun sayi S don kada a ce ƙarfinsu ya ragu, suka shekara suna tura ƙwallo dama.

Malamin Hausa:
Akwai kalmomi biyu da ba sai mun wahala ba, domin maƙeranmu sun riga sun raba ƙira da zubi. Kan da aka buga daga curin ƙarfe mai zafi ƙirarre ne, wanda aka narka aka zuba a mazubi kuma na zubi ne.

Tsohon ɗan wasa:
Haka ne, Malam, sai dai siffar bayan kan ta fi hanyar ƙera shi muhimmanci. Akwai mai cikakkiyar ƙeya, siriri, na ƙwararru, wanda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa idan aka kuskure tsakiyar fuska. Akwai kuma mai kwarmin ƙeya, wanda aka kwashe ƙarfen tsakiyarsa aka mayar gefe-gefe da ƙasa, dabarar da Karsten Solheim, injiniyan da ya kafa Ping, ya yi fice da ita, har samfurinsa na Eye2 na 1982 ya zama abin kwaikwayo. Nauyin gefen yana hana kan murɗewa idan bugu ya kauce wa cibiya, na ƙasan kuma yana taimaka wa ƙwallo ya tashi. Turawa yafiya suke kiran wannan hali. Ni rufin asiri nake ce masa, domin abin da yake yi wa mai shi ke nan a gaban abokan wasa.

Abu na ƙarshe, kada yayanka ya sayi jerin da ya fara daga sungumi uku ko huɗu. A saurinsa zai tarar huɗu da biyar kusan wuri ɗaya suke sauke ƙwallo, alhali ana son tazarar kimanin yadi 10 tsakanin kowace sanda da mai bi mata. Ya fara daga shida, ko biyar idan gwaji ya nuna yana iya ɗaga shi, ya cike gurbin waɗanda ya bari da sandar nan da ta haɗa siffar kere da ta sungumi.

Hajiya mai fassara:
Wannan kam ruwa-biyu ce, ba ta bukatar taro.

Mai buɗe zance:
Na gode muku ƙwarai. Na gwada kalmomin a saƙon da na tura wa Yaya, ga yadda ya fita: "Ka nemi sungumi daga shida zuwa tara mai kwarmin ƙeya, wanda kishingiɗar bakwai ɗinsa ba ta gaza digiri 30 ba, da ƙotar girafait mai tsaurin R, sannan ka ƙara ruwa-biyu guda biyu." Ya karanta bai tambaye ni ma'anar ko ɗaya ba, illa ya ce kakanmu zai yi dariya idan ya ji nawa ake sayar da sungumi yanzu. Gajerun sandunan da ake fitar da ƙwallo daga ramin yashi da su har yanzu ba mu ba su suna ba, kuma ina jin Hajiya tana da magana a kansu. Yaya dai ya ce zai je gwaji ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, kuma da sungumi bakwai zai fara.