Inda Ake Sa wa Ɓauna Harsashi

Maharban da suka saba da kwarin kogin Zambezi a kudancin Afirka sun yi ta yabon tsohon namijin ɓauna: jiki duk busasshen taɓo, tushen ƙahonni ya haɗe a goshi ya yi tauri kamar dutse. Irinsa suka ce a zaɓa, a ƙyale matasa su hayayyafa.

Kan harbi kuwa bakinsu ɗaya. In ya ba ka gefe, bi layin ƙafar gaba, ka hau kashi ɗaya cikin uku na jiki. Nan zuciya da huhu suke. Kansa kam a bar shi, ƙaho na kare ƙwaƙwalwa. Bindiga kada ta gaza .375, wato kaurin harsashinta a ma'aunin inci.

Abin da ya fi kama ni: in ya shige kurmi da rauni, a dakata tukuna, don laɓewa yake yi ya jira mai bin sawunsa.