Hoto nawa ya kamata in saka a kundin aikina?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Da waya nake ɗauka, ina son haɗa kundin da zan nuna wa masu ba da aiki. Hoto nawa ya isa? Kuma me ke sa fuska duhu da rana?

Mai situdiyo: Wa'alaikumussalam, ƙanena. Daga 12 zuwa 20 sun wadatar. Riƙe jigo ɗaya, kamar marinar Ƙofar Mata a Kano, mafi kyawun ya zo farko.

Malama: Da azahar hasken daga sama yake sauka, sai ƙarƙashin ido ya yi baƙi. Ɗauka da sanyin safiya ko bayan la'asar. In ba hali, kai mutumin inuwa, ka tara farin kwali ya mayar da haske fuskarsa.

Mai situdiyo: WhatsApp kuma yana matse hoto, sai ka tura shi a matsayin fayil.