Yaya zan koya wa matan ƙungiyarmu ciniki ta waya?

Maman Ummi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina riƙe da ƙungiyar mata 23, yawancinsu mazansu sun rasu sun bar musu marayu. Muna matsar man gyaɗa, muna soya ƙuli-ƙuli, wani kaso na ribar yana tafiya kuɗin makarantar yaran. A kasuwar Sabon Gari ba mai ƙwarar matan nan, sai su ce maka "albarka" sau biyar ba su gaji ba. Amma da wani mai shago ya zo daga Kaduna ya ce zai riƙa ɗaukar jarka 40 duk wata, kowacce sai ta sunkuyar da kai, har da ni. Ya yanka farashinsa, ya ce biya sai bayan kwana 30, muka sallama. Da na zauna lissafi, kuɗin gyaɗa da niƙa da itace kawai muka fitar. Wasunmu suna Shika, wasu cikin birni, wasu ba sa fita sai da izini, tara su aiki ne. Na gwada Zoom sau biyu, data ta ƙare ba mu kai ko'ina ba. Wa ya taɓa koyar da irin wannan ta intanet?

Malamin Kongo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bar Zoom, ki koma saƙon murya a WhatsApp, ko wadda ba ta karatun boko za ta bi. Ke ki zama mai shagon, ki yi tayin wulaƙanci, ki kushe man, ki ce na Kano ya fi araha. Kowacce ta mayar da amsa da muryarta, sauran su saurara su gyara mata. Amma kafin nan su haddace farashi uku: na buɗe baki, wanda za su yi murna da shi, da wanda ƙasa da shi babu ciniki. Su kuma san inda za su kai kayan in ya tafi. Masu tsire na neman ƙuli don yaji, masu abinci a Samaru na neman mai. Wadda ta san tana da wani mai saye ba ta rawar murya.

Tsohon Dillali:
Ni dai ban yarda ana koyon ciniki a waya ba, ido da ido ne. Kuma 'yata, ba a farashi ya ci ku ba, a kwana 30 ɗin nan ne. Da jarinku yake juyawa, gyaɗa kuwa da an bar kaka sai hawa. Ku ce rabi a hannu, kuɗin mota nasa. Sannan ku daina fara masa magana da batun marayu, sai ya ɗauka taimako yake muku.

Yaya Hajara, Samaru:
Baba ya yi gaskiya a kan marayun. Sauran kuma kunya ce, an tarbiyyantar da mu kada mu ja da babban mutum. Mu abin da muka yi, ba mai zuwa ita kaɗai, biyu suke tafiya, kuma kowacce ta iya cewa "Alhaji, sai na shawarci ƙungiya." Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta kuma sallama ba. Abin da aka tsayar a tura masa a rubuce ya amsa.

Maman Ummi, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka. Daren Asabar zan fara zama Alhajin. Baba, in ya dawo ƙarshen wata za ka zo ka zauna mana a gefe? La'adarka ƙuli ce fa.