Rage ƙarfin wutar furosesa: shin yana tsawaita cajin Sansa Clip+?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar na'urar sauraro, Sansa Clip+, wadda nake jin karatu da tafsiri da ita a shago, kuma da yake wuta ba ta zama a layinmu, caji ya zame mini abin lissafi. Na ji an ce idan aka ɗora mata manhajar Rockbox, wadda ke maye gurbin manhajar da ta zo da ita, ana iya rage ƙarfin wutar da ake ba furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, domin batir ya daɗe. Shin haka ne, kuma ba zai yi mata illa ba?

Mai gyara, Farm Centre:
Wa'alaikumus salam, Malam. Haka ne, kuma dalilin yana cikin lissafi. Wutar da furosesa ke ci tana aiki tana bin ƙarfin bolt ne idan an ninka shi da kansa, shi ya sa saukowa daga bolt 1.2 zuwa 1.1 kaɗai ke rage cinta da kusan kashi 16 cikin 100. Kamfanoni sukan ba da wuta fiye da abin da furosesa ke buƙata, saboda ba duka suke fitowa daga masana'anta da juriya ɗaya ba, kuma wannan rarar ce ake tsakura.

Ragin ba ya ƙona komai, ƙari ne ke ƙonawa. Abin tsoron shi ne idan aka zarce, na'urar takan sandare, kuma idan hakan ya same ta tana cikin rubutu a katin memori, fayiloli na iya lalacewa. Sannan wannan ba maɓalli ba ne da za ka taɓa a saiti. Sai an gyara rubutun manhajar an sake haɗa ta, kuma adadin da ya zauna lafiya a tawa yana iya kayar da taka. Masu haɗa Rockbox sun riga sun yi irin wannan ragin a sababbin sigoginsu na wannan na'ura, don haka ka fara da su.

Malamin lantarki, Gwale:
Ban musa wa mai gyara ba, amma kashi 16 ɗin na furosesa ne ita kaɗai, bai shafi sikirin da katin memori da sashen da ke tura sauti zuwa kunne ba. Clip+ ta fito tun 2009 da batir mai 290 mAh, wanda kamfanin da ya ƙera ta, SanDisk, ya ce yana kai awa 15. Batirin da ya kwana biyu haka, ya kuma sha zafin Kano na Afrilu a kan kanta, da wuya ya riƙe abin da yake riƙewa yana sabo, kuma babu manhajar da za ta mayar masa da ƙuruciya. Malam, akwai battery bench, ma'aunin daɗewar batir, a cikin Rockbox: ka cika caji, ka kunna shi, ka bar karatu yana tafiya har ta mutu da kanta, sai ka duba awannin da ya rubuta. Ka kuma gajarta lokacin hasken sikirin, ka kashe gyaran sauti, tunda karatu bai buƙace shi ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka muku da alheri. Zan kwashe fayilolin zuwa kwamfuta tukuna, sannan in auna. Idan awannin suka yi ƙasa sosai, mai gyara, ana samun batirin da zai shiga cikinta a wajenku?

Mai gyara, Farm Centre:
Ka kawo ta a gwada girman, amma ka sani wayoyinsa da dalma aka liƙa su, sai an buɗe bayanta a hankali an sa masa ƙarfen walda.