Hayaluronan: yaya yake taimakon mai ciki, kuma yake taimakon ciwon daji?

Ɗalibar Ungozoma, Sakkwato:
Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce akwai wani sinadari mai suna hayaluronan da yake ƙaruwa a bakin mahaifa idan haihuwa ta matso, sannan ya ce ana samunsa da yawa a cikin wasu nau'o'in ciwon daji. Hankalina ya tashi, domin yayata tana da ciki wata bakwai, kuma man fuskar da take shafawa akwai sunansa a jikin kwalbar. Shin ta daina shafawa?

Malamin Kimiyya, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Jiki da kansa yake yin sa, kuma mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15 nasa a fata da ruwan gaɓoɓi da ido. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara fitar da shi daga ruwan idon shanu a Amurka a 1934. Aikinsa shi ne ya riƙe ruwa, ya sassauta nama har ƙwayoyin jiki su sami hanyar motsawa. Ɗan tayi yana buƙatar wannan domin gaɓoɓinsa su ginu. Ɓerayen da aka hana jikinsu yin sa sukan mutu tun a ciki saboda zuciyarsu ba ta kammala. Ƙwayoyin ciwon daji kuwa wannan hanyar suke bi, su manne masa ta wani furotin da ake kira CD44, su yaɗu.

Anti Nas, ɗakin haihuwa:
'Yata, kin ma taɓa shi da hannunki. Idan kin yanke cibiyar jariri, wannan farin abu mai yauƙi kamar kuɓewa da ya lulluɓe jijiyoyin ukun nan, cike yake da hayaluronan, kuma shi yake kare su kada su matse. Bakin mahaifar da kike ji da tauri a farkon ciki, ya yi laushi lokacin naƙuda, da hannunsa a ciki.

Likita, Gawon Nama:
Ina so a lura da girmansa, domin dogon zarensa yakan kwantar da kumburi, gutsattsarinsa kuwa su tayar da shi. A 2013 masu bincike a Jami'ar Rochester sun nuna cewa wani ɓera marar gashi na Gabashin Afirka, wanda da wuya yake kamuwa da ciwon daji, yana da dogon nau'insa mai yawa. A ciwon dajin fankiriyas kuwa, wata gaɓa da ke bayan tumbi, yakan taru har ya matse jijiyoyin jini, magani ya kasa shiga. An gwada narkar da shi da wani magani mai suna PEGPH20, amma a 2019 babban gwajin ya nuna bai ƙara wa marasa lafiya tsawon rai ba.

Game da yayarki, babu hujjar cewa shafa shi yana jawo ciwon daji. Abin da nake yi mata tsoro shi ne man bilicin mai ɗauke da makuri, wato zaiba, da mai ɗauke da retinol, wani nau'in bitamin A, waɗanda ba a so mai ciki ta yi amfani da su. Ta tafi da kwalbar ranar awo, a karanta mata abin da ke ciki.