Gemuna ya tsaya mini a hanyar aikin kwana-kwana, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune ne a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, inda 'yan kwana-kwana ba sa kwana a tasha. Kowa na sana'arsa, ɗauke da 'yar na'ura a ƙugu. Da zarar an kira 999, lambar neman agajin gaggawa, na'urar ta yi ƙara, sai ka bar komai ka isa tasha cikin minti 5. Ana biyan alawus na zaman jira, da kuɗin kowace fita.

Gidana kusa yake, maigidana a wurin aiki ya amince, gwajin ƙarfi ma na ci. Sai aka zo kan abin rufe fuska na shaƙar iska. Jami'in ya nuna mini bakin robar, ya ce dole ta manne da fata, gashi kaɗan ma zai buɗe wa hayaƙi hanya. Na gamsu da bayaninsa, amma shekara 11 reza ba ta taɓa gemuna ba.

Wallahi ina son aikin nan, tun ranar da na ga an fito da yaran maƙwabcina daga gobara. Malamai, ko ceton rai ya kai larurar aske gemu? Waɗanda kuka shiga aikin, yaya kuka yi? Don Allah a taimaka, an ba ni mako 2 in yanke shawara.